Yankees bayan tafiyar Soto: ƙarfi muka ƙara ko daɗin farkon kaka ne ke ɗibar mu?

Bawa_161:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Afrilun 2025 ya ƙare, ƙungiyarmu ta besbol, New York Yankees, ta buga wasa talatin da ɗoriya cikin 162, to bari in amayar da abin da ke cikina tun Disamba. Daren da labari ya fito cewa gwanin bugunmu Juan Soto ya koma Mets, ɗaya ƙungiyar New York da ke Queens, a kan dala miliyan 765 na shekara 15, ko tuwo ban iya ci ba. Duk wanda ka gamu da shi a bakin masallaci a nan Bronx maganar kenan, kamar an yi mana rasuwa. Amma yau ina ganin tafiyar tasa alheri ce gare mu. Kuɗin da mutum ɗaya zai lamushe an raba su: an ɗauko Max Fried a kan miliyan 218 na shekara 8, an kawo Cody Bellinger daga Cubs, Paul Goldschmidt ya zo na shekara ɗaya, ga mai jifan rufe wasa Devin Williams daga Brewers. Babu masu jifa Gerrit Cole da Luis Gil, babu mai bugu Stanton, duk suna jinya, amma mu ne a saman rukunin Gabas. Ni dai na ce ƙungiyar bana ta fi ta bara. Wa ya yarda, wa ya ƙi?

Tsohon_Maradi:
Wa alaikumus salam. Bawa ƙanena, ka yi hanzari. Tun 1996 nake bin ƙungiyar nan, ina sabon zuwa, lokacin koci Joe Torre, ban ma san dokar wasan ba sai dai in ga mutane na ihu in taya su. Na ga farkon kaka mai daɗi iri-iri. A 2022 mun fara kamar babu mai iya tare mu, Aaron Judge ya buga homron 62, wato bugun da ke haye katanga, amma da Oktoba ta zo Houston ta share mu wasa huɗu ba ko ɗaya. Kofinmu na 27 tun 2009 yake, yaron da aka haifa a shekarar yanzu yana sakandare. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Bawa_161:
Gaskiya ne Baba, amma ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ban ce mun ɗauki kofi ba. Cewa na yi tubalin bana ya fi ƙwari.

Ali_Queens:
Ku yi haƙuri da ni, ni ɗan Mets ne kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Bawa, maganarka tana da rauni wuri biyu. Na farko, kana magana kamar dabara ce shugabanninku suka yi. Ba dabara ba ce. Sun tsaya a ciniki har ƙarshe, sun taya miliyan 760 na shekara 16, aka fi su. Da ya amsa musu, da yau kai ne kake rubuta mana cewa babu kamarsa. Na biyu, wa ya kai ku World Series, wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi, bara? Ka manta bugun da ya yi wa Cleveland a zagaye na goma? Homron 41 ya buga muku a kaka ɗaya. E, bai fara da zafi a wurinmu ba, na yarda. Amma yarjejeniyar shekara 15 ba a auna ta da wata guda, kuma mu ma muna saman namu rukunin.

Direban_Dare:
Ali, ka bar mu mu ji da gidanmu, kai ka ji da Queens.

Ali_Queens:
Yaya, ai Bawa ne ya ambaci ɗan wasanmu, shi ya sa na tanka.

Malam_Lissafi:
Ali yana da hujja, kada mu kore ta don ba namu ba ne. Ni abin da na gani shi ne, mutum biyu ne ke ɗauke da yawancin kayan. Fried ya ci wasa biyar a watan nan ba a doke shi ko sau ɗaya ba, kuma matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin zagaye tara bai kai ɗaya da rabi ba. Shi kuma Judge ya gama Afrilu da matsakaicin bugu sama da .400, da homron 10. Cire waɗannan biyun ka sake kallon teburin. Abin da ya taimaka kuma shi ne waɗanda ba a sa rai da su ba. Ben Rice ya samu gurbin mai bugu kawai saboda Stanton na fama da gwiwar hannu, ya riƙe wurin da kyau. Trent Grisham kuwa, wanda bara yawanci a benci yake, bana yana ta watsa ƙwallo waje. Abin da mutane ke mantawa, Grisham tare da Soto ya zo daga San Diego a musaya ɗaya a Disambar 2023. An ɗauke shi a matsayin gyara, yau ga shi babban kayan ya tafi gyaran ne ke mana aiki.

Dan_Fagge:
Salam. Ni daga Kano nake bin ku, wani yayana da ke can ne ya sa ni a zauren nan. Hular nan mai NY a kasuwa ko'ina akwai ta, tun ina yaro nake sawa, sai bara na san ashe ta ƙungiyar wasa ce. Don Allah wani ya fahimtar da ni, mene ne .400 ɗin nan? Kuma ta yaya ƙungiya za ta buga wasa 162 a kaka ɗaya? Mu a ƙwallon ƙafa wasa 38 ma ana kukan gajiya.

Ummi_Jersey:
Sannu da zuwa Dan_Fagge. A taƙaice: ƙungiya ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗayar na bugu. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda ya ruga, akwai tasha huɗu da zai zagaya, in ya dawo inda ya tashi an ci maki ɗaya. Idan masu tsaro suka fitar da mutum uku sai a yi canji. Kowace ƙungiya ta yi haka sau tara, wato zagaye tara, shi ne wasa ya ƙare. In ya maka ta ta haye katanga ba ta taɓa ƙasa ba, shi ne homron, ya zagaya abinsa ba mai tare shi, duk wanda ke kan tasha ma ya shigo.

Shi .400 kuwa, ma'anarsa cikin kowane zuwa goma da ya yi, sau huɗu yana bugun da ya kai shi tasha lafiya. Zai yi maka kamar kaɗan ne, amma wanda ke samun uku cikin goma ma gwani ake ce masa. Rabon da wani ya gama kaka a manyan rukunan gasar biyu, American da National, da .400 tun Ted Williams a 1941, da .406. Wasa 162 kuma kusan kullum ake bugawa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Ba gudu ake yi na minti 90 ba, wanda ya fi jin jiki shi ne mai jifa, shi ya sa masu fara jifa biyar ake ajiyewa suna karɓa-karɓa, kowa ya huta kwana huɗu.

Dan_Fagge:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane dalilin da rashin Cole ya dame ku.

Maman_Sadiq:
Ni ina bayan Bawa, kuma dalilina abin da idona ya gani ne. Ranar Asabar 29 ga Maris ina filin tare da yarana biyu, muna ɗauke da azumi, washegari aka yi Sallah. Na yi niyyar in zauna gida in yi soye-soye, yaran suka matsa. Mun sauka daga jirgi mai lamba 4 a titin 161, mun samu wurin zamanmu kenan, ko jaka ban ajiye ba. Jifa ta farko, Goldschmidt ya fitar da ita waje. Jifa ta biyu, Bellinger ya fitar. Jifa ta uku, Judge. Jifa uku, homron uku. Ƙaramin nawa ya riƙe hannuna yana tambaya ko haka ake yi kullum. Kafin a tashi homron tara aka buga, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi a wasa ɗaya ba, Judge shi kaɗai uku, aka tashi 20 da 9. Wallahi na manta da ƙishirwa sai da muka fito. Biyu daga cikin ukun farkon nan sababbin zuwa ne, da kuɗin da Soto ya bari aka kawo su. To me ake so su yi kuma?

Zinder_Harlem:
Hajiya, ni ranar tausayin Nestor Cortes ne ya kama ni. Namu ne har bara, mai gashin baki, mai wasa da ƙafa kafin ya yi jifa, kowa na son shi. Shi ne Freddie Freeman na Dodgers ya yi wa bugun nan da ya ƙare wasan farko na World Series. Aka ba da shi ga Brewers don a karɓo Williams, kuma ranar farko da ya dawo gidan da ya sani, abin da ya tarar kenan. Na ji daɗin nasarar amma ban iya yin ihu ba.

Nima_Boy:
Ku faɗi gaskiya dai, sandar nan ce ta yi aikin. Wadda ake ce ma torpedo, mai ciki kamar kwalba. Duk duniya ta yi magana a kai. Homron 15 a wasa uku na farko, haka kawai? Ni a wurina akwai ha'inci ciki.

Malam_Lissafi:
Nima_Boy, babu ha'inci, doka a rubuce take. Sanda ta zama itace guda, kaurinta kada ya wuce inci 2.61, tsawonta kada ya wuce inci 42. Ba a ce dole kaurin ya zauna a can ƙarshe ba. Wanda ya kawo tunanin, Aaron Leanhardt, masanin kimiyyar fiziks ne, ya yi digirin digirgir a MIT, ya koyar a jami'ar Michigan kafin ya shigo harkar wasa, yanzu ma ya bar mu yana Miami. Abin da ya lura da shi mai sauƙi ne: wasu 'yan wasan ba da bakin sanda suke haɗuwa da ƙwallo ba, ƙasa kaɗan suke haɗuwa da ita, kusa da hannu. To me zai hana a tara naman itacen a wurin? Volpe, Jazz Chisholm, Austin Wells, Bellinger da Goldschmidt sun yi amfani da ita. Kowace ƙungiya na da damar yin oda, kuma da yawa sun yi bayan makon farko. Sannan ka duba, mutumin da ya fi kowa bugu a ƙungiyar, Judge, da tsohuwar sandarsa yake aiki.

Nima_Boy:
To na ji. Amma in ba ta da wani amfani me ya sa suka canza?

Malam_Lissafi:
Ban ce ba ta da amfani ba. Tana ƙara wa wanda ta dace da hannunsa ɗan abu. Amma ba ta gani, ba ta zaɓar jifa. Volpe da Jazz sun fara da wuta, bayan mako biyu sun yi sanyi, kuma sandar ce dai a hannunsu.

Direban_Dare:
Kun tsaya kan sanda kun bar ciwon da ke damun mu. Bawa ya lissafo Devin Williams cikin ribar da muka samu. Wace riba? Ni a rediyon mota nake jin yawancin wasanni, ina aiki. Ranar buɗe kaka ma da ƙyar ya rufe wasan, sai da ya cika tashoshi aka ci shi maki kafin ya fitar da Yelich. A Tampa ranar 19 ga Afrilu muna gaba 8 da 4 a zagaye na tara, aka miƙa masa, suka rama duka huɗun, muka faɗi 10 da 8. Na ajiye fasinja na fake a gefen titi na kashe rediyon, na yi minti biyar ban motsa ba. Ranar 25 kuma Toronto suka zo gida suka yi masa irin ta. Matsakaicinsa ya haura 11. Sai da filin gaba ɗaya ya ɗauki kiran sunan Weaver kafin koci Boone ya sauke shi daga rufe wasa. Luke Weaver ya yi mana aikin nan bara har World Series, me ya sa tun farko aka taɓa shi?

Maman_Sadiq:
Malam, saukewar daidai ce, amma ihun da aka yi masa ban ji daɗinsa ba. Mutum ne baƙo, wata ɗaya da zuwa, ga an yi masa haihuwa a farkon kakar. Ka fito aiki mutum dubu arba'in suna kiran sunan wani a kanka, ina hannu zai tsaya? Wannan ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, sau biyu ana zaɓensa gwanin masu jifan ƙarshe a rukuninsu, a 2020 da 2023. Jifar nan tasa mai lanƙwasa ba ta ɓace ba, zuciyarsa ce ba ta zauna ba.

Direban_Dare:
Hajiya, ina girmama maganarki, amma Bronx kenan. Judge kansa an yi masa ihu a filin nan. Wanda ya karɓi rigar ya san da haka.

Ali_Queens:
Mu mun san shi tun Oktoban bara. Shi Pete Alonso ya yi wa homron na maki uku a zagaye na tara a Milwaukee, muka wuce. Ina jin tun daga ranar bai dawo daidai ba.

Ustaz_Tremont:
Tunda an ambaci Williams, bari in kawo wani abu da ni ya fi faranta mini rai fiye da duk homron ɗin. Tun 1976 George Steinbrenner, mai ƙungiyar a lokacin, ya kafa doka a ƙungiyar nan: ba gemu, ba gashi mai sauka kan kwalar riga, gashin baki kawai aka yarda. A 1991 har benci aka ajiye Don Mattingly, kyaftin guda, a kan aski. Johnny Damon da ya zo daga Boston sai da ya sauke gemunsa kaf. Ranar 21 ga Fabrairun bana ɗansa Hal ya sassauta, ya ce an yarda da gemu matuƙar ana gyara shi, kuma Williams na cikin waɗanda suka nuna rashin jin daɗinsu da aka sa su aski. Ni ina koyar da yara karatu da yamma, da yawansu suna buga besbol a makaranta. Wani ya taɓa tambayata, Malam, in na girma Yankees suka ɗauke ni, sai na aske gemu? Ban samu amsar da zan ba shi ba a lokacin. Yanzu ina da ita.

Tsohon_Maradi:
Ustaz, ta wannan fuskar na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma ba zan ɓoye maka ba, da na ga Rodón da gemu cikin rigar nan mai zane sai na ji wani iri. Ido ya saba. Babu suna a bayan riga, babu gemu, da haka muka san su. Allah dai ya sa kada su taɓa rigar.

Zinder_Harlem:
Baba, rigar ba mai taɓa ta insha Allah.

Bawa_161:
Mun yi nisa, bari in dawo da mu. Ali da Direba, na karɓi maganar Williams, a cire shi daga lissafina zuwa wani lokaci. Amma ku tuna me ya kashe mu bara. Ba rashin bugu ba ne. Wasa na biyar da Dodgers, muna gaba 5 da 0 a gidanmu, Cole na jifa kamar ba gobe. Zagaye na biyar, ƙwallo ta faɗo daga safar Judge a tsakiyar fili. Volpe ya jefa wa tasha ta uku ƙwallo a ƙasa. Mookie Betts ya buga wata mai birgima zuwa Rizzo, Cole bai ruga ya rufe tasha ta farko ba. Maki biyar suka shiga, aka tashi 7 da 6, suka ɗaga kofi a gabanmu. Soto yana filin ranar, me bugunsa ya hana? Tsaron fili ne ya ci mu. Yanzu dubi abin da aka gyara. Judge ya koma ɓangaren dama, wurinsa na asali, wanda ya bar wa Soto bara. Grisham da Bellinger na tsakiya, dukansu sun taɓa cin kyautar safar zinare. Goldschmidt na da huɗu a tasha ta farko. Fried kansa na da uku. Wannan nake nufi da tubali.

Malam_Lissafi:
Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo tun da aka fara, Bawa. Sai dai ban ga an gama gyaran ba. A ɓangaren hagu Jasson Domínguez har yanzu koyo yake, in ƙwallo ta tashi sama sai ka riƙe numfashi. Tasha ta uku ba ta da mai ita, yau Oswaldo Cabrera gobe Peraza, LeMahieu na jinya. Ga Jazz ya fita daga wasan Baltimore da ciwo a gefen ciki. Kuma a wasan 20 da 9 ɗin da Hajiya ta ba mu labari, kurakurai biyar muka yi a tsaro, bugun ne ya rufe mana asiri.

Maman_Sadiq:
Haka ne kuwa, na tuna, har Fried bai kai ƙarshen zagaye na biyar ba ranar. Murna ta sa na manta.

Ummi_Jersey:
Maganar Fried, akwai wanda ya kalli wasan 20 ga Afrilu? Abin mamaki biyu. Na farko, a filinmu na atisaye da ke Tampa aka buga, mai sunan Steinbrenner, amma mu ne baƙi, saboda guguwar Milton ta yaye rufin filin Rays a Oktoban bara, suka ari namu na kaka ɗaya. Na biyu, Fried ya kai zagaye na takwas allo na nuna ba wanda ya samu bugu a hannunsa. Ina tsaye a falo na kasa zama. Sai kawai aka ce mai rubuta sakamako ya canza ra'ayi, wata ƙwallo da Chandler Simpson ya buga a zagaye na shida, wadda aka rubuta kuskuren Goldschmidt ce, an mayar da ita bugu. Raina ya ɓaci sosai. In zai canza ya canza a lokacin mana, ba sai mutum ya hango tarihi ba.

Nima_Boy:
Anti, yaron nan Simpson gudu gare shi kamar barewa, ko Goldschmidt ya kama da tsabta ba za su riga shi ba. Hukuncin daidai ne, jinkirin ne ba daidai ba. Kuma ai a zagaye na takwas ɗin wani ya sake samun bugu mai kyau, don haka ba a ƙwace masa komai ba.

Ummi_Jersey:
Wa ya sani ko da bai ji labarin canjin ba da jifar ta bambanta.

Dan_Fagge:
Wata tambayar kuma, ku yi haƙuri. Akwai 'yan Afirka a gasar?

Nima_Boy:
Kaɗan ne ƙwarai. Na farko da aka haifa a Afirka ya girma a can ya buga shi ne Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, da Pittsburgh a 2017. Akwai Akil Baddoo na Detroit, a Amurka aka haife shi amma babansa ɗan Gana ne, mu muna lissafa shi namu. Dodgers kuma suna da makarantar horar da yara a Yuganda. Yaranmu da ake haifa a nan su ne nake sa wa rai, in iyaye suka daure da kai su atisaye.

Tsohon_Maradi:
Bawa, na karanta bayaninka na tsaro sau biyu, ka yi tunani. Amma ga abin da ke hana ni barci. A Oktoba ba ka haɗuwa da mai jifa na biyar na ƙungiyar da ta gaji. Gwanaye kaɗai kake gani, kuma suna da zaɓi. Bara in sun kauce wa Soto sun faɗa hannun Judge, in sun kauce wa Judge ga Stanton. Bana fa? Za su ba Judge tasha kyauta su ce sauran ku buga mu gani. Goldschmidt shekararsa 37, yana buga sama da .300 yanzu, Allah ya ƙara masa, amma a kai Agusta tukuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan masu jifa: Cole an yi masa aikin gwiwar hannu a Maris, bana ba shi. Bayan Fried da Rodón wa za ka miƙa wa ƙwallo ka kwanta da daɗi? Schmidt bai daɗe da dawowa ba, Warren yaro ne, Stroman gwiwa, Carrasco ƙarfinsa ya ja baya. In babban manajanmu Cashman bai sayo mai jifa da mai tsaron tasha ta uku kafin a rufe cinikin 'yan wasa ranar 31 ga Yuli ba, maganar da muke yi yau ba za ta kai mu ko'ina ba.

Direban_Dare:
Baba ya gama magana.

Bawa_161:
Bai gama ba Direba, Gil zai dawo, Stanton zai dawo. Kuma a Baltimore ranar 29 ga Afrilu mun sake buɗe wasa da homron uku a jere, Grisham, Judge, Rice, abin da ba ƙungiyar da ta taɓa yi sau biyu a kaka ɗaya. Mutum biyar daban-daban ne suka yi aikin a wasannin biyu, ba Judge kaɗai ba. Ina nan kan bakana.

Ali_Queens:
To ranar 16 ga Mayu muna zuwa gidanku, wasa uku. Tambayata ɗaya: in Soto ya fito bugun farko, me za ku yi masa?

Direban_Dare:
Ihu, har sai muryata ta dushe. Da Dodgers ya tafi ma da sauƙi, amma ya tsallaka unguwa a kan bambancin da bai taka kara ya karya ba.

Tsohon_Maradi:
Ni zan miƙe in tafa masa sau ɗaya. Shekara 15 muna jiran World Series, da shi muka je. Bayan wannan tafin, ɗan Mets ne.

Ustaz_Tremont:
Ni ma da Baba nake. Mu da muka baro garuruwanmu saboda neman abinci, bai kamace mu mu zagi wanda ya bi inda aka fi biyansa ba.

Zinder_Harlem:
Ustaz, wanda aka taya miliyan 760 ba abinci ya tafi nema ba. Ni ba zan yi ihu ba, ba zan tafa ba.

Dan_Fagge:
Ƙarfe nawa za a fara a agogonmu? Ina so in ga wannan.

Ummi_Jersey:
Wasan dare yawanci ƙarfe 7 da 'yan mintuna ake farawa a nan, wato 12 na dare a Kano da Yamai, 11 a Kumasi. Tun da aka sa agogon jifa a 2023 wasa bai cika kai awa uku ba, kafin ƙarfe 3 ka kwanta. Masu zuwa filin kuma ku yi magana da wuri a sayi tikiti wuri ɗaya, ni da Maman_Sadiq mutum biyar ne.

Ali_Queens:
Ku sa da ni, shida. Da shuɗiyar hulata zan zo.